Ƙurar Hunturu Da Hayaƙin Gari

Iskar da mutum ya ke shaƙa ba iri ɗaya ba ce duk shekara. A ƙasar Shagari da Boɗinga, daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan sama yana wanke sarari, ƙasa tana da laima, ciyawa kuma ta rufe ta, saboda haka ƙura ba ta tashi sosai. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da hunturu ya kama, sai hazo ya sauko har rana ta dushe.

Wannan hazo kashi biyu ne. Na farko baƙo ne. Yawancinsa daga kwarin Bodele ya ke fitowa, a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Wurin tsohon tafki ne da ya ƙafe tun da daɗewa, ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ta kan kwashe ta ta kawo ƙasar Hausa, wata har ta ƙetare teku ta kai Amurka ta Kudu. Ba mai iya tare ta, kuma ba ta rasa amfani ba, gama in ta kwanta a gona tana ƙara wa ƙasa ɗan ƙarfi.

Kashi na biyu kuwa ɗan gida ne, watau hayaƙin murhu, da wutar ɗumi, da juji da leda da a ke ƙonewa, da na janareto, da na manyan motoci masu bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, da wutar da a ke cinna wa kara da daji bayan kaka. Da asubar hunturu iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙi ba shi da mafita sai rana ta ɗaga. Shi ya sa ya kan tsaya bisa gari da sassafe da kuma bayan magariba.

Abin tsoro shi ne ƙwayoyin da ido ba ya gani. Masana suna kiransu PM2.5, kuma ko an jera 25 daga cikinsu ba su kai kaurin silin gashi ba. Hanci ba ya tace su, har cikin huhu su ke shiga. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada su wuce maikirogiram 15 a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da fāɗi da zurfi, cikin yini da kwana. Ranar hazo mai kauri a kan ninka wannan sau da yawa.

Daga nan tari da ciwon ido da fuka su ke tasowa, musamman ga yara da tsofaffi. Busasshiyar iska da ƙura suna kuma raunana cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa sanƙarau ƙofa. A shekarar 2017 cutar ta kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya, Jihar Sakkwato tana cikin waɗanda su ka fi shan wuya.

To, ina dabara? Manomin da ya ƙone kara ya yi hasara biyu, ya cika ƙirjin iyalinsa da hayaƙi, ya kuma bar gonarsa tsirara iska ta kwashe. Gwamma ya bar karan kwance, ko ya ba dabbobi ya mai da takinsu gona. Ya kiyaye gawo, don shi ganyensa da rani ya ke fitowa, daidai lokacin da a ke bukatar abin tare iska. A dasa darbejiya ta arewa da gabashin gida. Mai sheƙa ya ba iska baya, ya rufe hanci da rawani. A yayyafa ruwa kafin shara. Kada a kwana da wuta a rufaffen ɗaki. 'Yan kasuwa su rufe gari da nama.

In kuwa yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Rigakafi ya fi magani.