Haƙƙin Mutum Idan Ya Shiga Hannun 'Yan Sanda

Sau da yawa rashin sanin doka ne ke kwanar da talaka a caji ofis. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya gana da lauya. Wajibi ne kuma a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu a tsakanin kilomita 40, sai fa in laifin mai hukuncin kisa ne. Haka nan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ko kamu saboda bashi kawai. Beli kuwa kyauta ne. Saboda haka, kada ɗayanku ya sa hannu a jawabin da bai fahimta ba, domin shi za a karanta gaban alƙali.