Tsufa a Garin Yuraniyom: Abin da Ake Faɗa a Arlit da Abin da Ya Tabbata

Arlit bai gaji tsofaffi ba. A 1969 aka kafa shi a tsakiyar hamada, kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak kuma ya biyo baya a Akokan a 1978. Samarin da suka hawo mota daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, da Buzayen Abzin da fari ya raba da dabbobinsu, su ne dattawan da ke zaune a inuwa yau. Wannan ne karon farko da garin yake koyon riƙon tsoho, kuma a wajen shan shayi ana yawan maimaita wasu maganganu kamar an saukar da su.

Ana cewa tsoho ba ya taɓa rasa mai riƙonsa a ƙasarmu. A ƙauyen da mutum ke da gona da gidan gado da jikoki, maganar tana da ƙafa. A Arlit kuwa, gidan da ma'aikaci ya yi shekara talatin a ciki na kamfani ne, ranar da aiki ya ƙare a ranar ake fara zancen makulli. Wasu sun bi hanyar yuraniyom, mai kilomita fiye da 600 zuwa Tawa, suka koma garuruwan da suka bari tun suna samari. Wasu sun tsaya, suka koma unguwannin gefen gari da ake kira bukkoki. 'Ya'yan da ake sa ran su riƙe su, da yawa sun tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, ko sun tsallaka Aljeriya. Abin da ke riƙe da dattijo a nan shi ne maƙwabci, da sahun masallaci inda ake lura idan ya kwana biyu bai fito ba, da adashen matan unguwa, da ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikata da na 'yan gari ɗaya. Suna aiki, amma ba sa iya biyan kuɗin magani na wata da watanni.

To ai akwai asibitin kamfani, in ji wasu, kuma kyauta ne. An yi wannan zamanin. Somaïr da Cominak kowanne ya gina asibitinsa, har mutanen gari da ba sa aikin ma'adini suna amfana. Amma a ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe raminsa, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ƙarƙashin 'yan kwangila. Asibitin Akokan ya koma hannun gwamnati, kuma inshorar lafiyar da aka yi wa ma'aikatan alkawari ta shekara biyar ce. Tsarin magani kyauta da Nijar ta shigo da shi a 2006 kuwa ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tiyatar haihuwa, bai ambaci tsofaffi ba. Kulawar da aka ɗaure a jikin rami, idan ramin ya ƙare ita ma tana kan hanya, ciwo kuwa bai san an rufe ba.

Maganar da ta fi zafi ita ce ta ciwon kansa. Ɓangare ɗaya na cewa duk tsohon da ya kwanta a Arlit yuraniyom ne ya kayar da shi, ɗayan na cewa surutun 'yan ƙungiya ne kawai. Masu cewa babu komai ba su da madafa. Iskar radon da ke fitowa daga dutsen yuraniyom, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin manyan musabbaban kansar huhu bayan taba, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai shan sigari. Ƙurar dutse tana taurara huhu sannu a hankali. Duka biyun kan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin su nuna kansu, wato sai mutum ya ajiye aiki. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi awo a garin: huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar sun wuce iyakar yuraniyom da hukumar ta gindaya, kuma a wani titin Akokan tururin da yuraniyom ke fitarwa ya kusan ninka wanda aka saba samu sau 500. Ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kuka kan tarkacen ƙarafunan kamfani da ke ƙarewa a kasuwa da rufin ɗakuna. A bayan Akokan kuma akwai tsibin sharar ma'adini na tan miliyan 20 ko kusa da haka.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana cutar da tsofaffi ta inda bai zata ba. Dattijon da ya yarda cewa jirinsa da kumburin ƙafarsa duk aikin yuraniyom ne, yakan sallama, ya ce ba magani sai na Allah. Alhali sau da yawa hawan jini ne ko ciwon suga, waɗanda awon minti biyar ke ganowa kuma ƙwaya mai arha ke riƙewa. Shanyewar rabin jiki ita ce ke mai da mai tafiya masallaci da ƙafarsa ya koma sai an ɗaga an kwantar, kuma babban mai jawo ta hawan jini ne da ba a kula da shi ba. Gishirin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram biyar ba, ƙasa da ƙaramin cokali guda ke nan, mu kuwa ga dunƙulen miya, ga shayi kofi uku da sukari ya yi masa kauri. Da kowace fadar dattawa za ta haɗa kuɗi ta sayi na'urar awon jini guda, da ta yi aikin da taro goma bai yi ba.

Shan madara yana wanke ƙura da guba? Jita-jita ce. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. A sha don ƙarfin jiki da ƙashi.

Akwai kuma masu cewa babu wanda ya taɓa waiwayar tsofaffin ma'aikata. A ƙarshen 2011 an kafa cibiyar sa ido kan lafiya ta jihar Agadas, OSRA, bayan yarjejeniyar 2009 tsakanin Areva, uwar kamfanonin biyu, da ƙungiyoyin Sherpa da Médecins du Monde, domin a riƙa duba su duk shekara biyu da hoton ƙirji da awon jini. A Disamba 2012 Sherpa ta janye, tana zargin kamfanin da mai da abin talla. Tun daga nan Areva ya koma Orano a 2018, gwamnatin Nijar kuma ta karɓe Somaïr a Yuni 2025. Masu kamfani suna sauyawa, amma wanda zai nemi a amince cewa aiki ne ya jawo masa ciwo, takarda za a tambaye shi: katin asusun fansho na CNSS, shaidar shekarun aiki, da bayanin tururin da na'urar da ya rataya a ƙirji ta auna. Wanda ya yi aikinsa a hannun ɗan kwangila, ya shaƙi ƙura ɗaya da sauran a rami ɗaya, shi ne galibi ya fi wahalar haɗa waɗannan takardun.