Injin Ban Ruwa Ya Tsaya? A Fara Zubar Da Ruwan Cikinsa

A fadamun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, injin ban ruwa shi ne jarin manomin rani. Ranar da ya tsaya, albasa da tumatir da barkono sun shiga haɗari. Manoma da yawa sukan ɗauki injin zuwa gida, su ajiye shi da ruwa a ciki har sai an samu kuɗin gyara. A nan ƙaramar matsala take zama babba.

Ruwan gulbi, kamar na Gagare, yana ɗauke da yashi da laka. Idan ya kwana biyu a cikin injin, lakar takan kwanta ta daskare. Tsatsa kuma ta kama farfelar da ke tura ruwa, har ta ƙi juyawa. Gyaran da bai taka kara ya karya ba sai ya koma sayen sabon kaya.

Ga yadda ake zubar da ruwan:

1. A kashe injin, a rufe makunnin fetur, a bar shi ya huce. Ruwan da ya daɗe yana juyawa a ciki yakan yi zafi har ya ƙona hannu.

2. A cire hular filogi, don kada injin ya tashi da kuskure.

3. A kwance mesa biyu, ta jan ruwa da ta fitarwa.

4. Tukunyar injin tana da murfi biyu. A buɗe na sama, inda ake ɗura ruwa, sannan a kwance na ƙasa. Ruwa zai fita da kansa.

5. A ɗan karkata injin don ragowar ta tsiyaye. Kada a kifa shi, domin fetur da baƙin mai za su zube.

6. A zuba ruwa mai tsabta ta sama har ya fito garau ta ƙasa. A bar tukunyar ta bushe a inuwa, a mayar da murafan tare da robarsu.

Daga nan sai a duba baƙin mai. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shige shi. Kada a tayar da injin, a kai wa makaniki. Haka ma in injin ya faɗa gulbi, kada a ja igiyarsa.

Bayan gyara, a cika tukunyar da ruwa kafin a tayar. Injin da aka tayar a bushe yakan ƙona robar da ke tare ruwa cikin ɗan lokaci.

Ko injin lafiya lau yake, a yi masa wannan aiki idan rani ya ƙare, kafin a ajiye shi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.