Ƙugiyar da muke zubarwa a kan allon waya

Kwanakin baya wani ɗan'uwa a Sanyinna ya turo mini saƙo: "mun yi baki." Na gane baƙi yake nufi, don na san ana biki a gidan, amma abin da ya rubuta bakin cin tuwo ne. Haka muke gani kullum. Ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa. In ka yi magana, a ce maka ai ba don Hausa aka ƙera wayar ba.

Ban yarda da wannan uzuri ba, kuma mutanen Koriya ne hujjata. Rubutunsu, Hangul, Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443, aka yaɗa shi a 1446. Yau haruffansa 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma ba a jera su a layi irin na boko. Kowace gaɓa ana ɗaure haruffanta dunƙule guda, har Unicode ta tanadar wa waɗannan gaɓoɓi gurbi 11,172. Duk da haka, wanda ba shi da komai sai allon A B C yana iya rubuta su. Ya danna h, a, n, manhaja ta haɗa ㅎ da ㅏ da ㄴ ta fito da 한. Ya danna g, e, u, l, sai ga 글, domin "eu" wasali ɗaya yake wakilta. Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar takan dakata a kan baƙin ƙarshe: in wasali ya biyo baya, sai ta cire shi ta kai shi farkon gaɓa ta gaba. Masu koyon harshen ne suka fi bin wannan hanya, su 'yan ƙasar suna da nasu allon, baƙaƙe a hagu, wasula a dama.

To mu nawa ne namu haruffan masu ƙugiya? Ɓ, ɗ da ƙ, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar, mu a Nijeriya muna sa 'y. Tun zamanin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 ake fama da daidaita rubutun nan, sai ga shi muna warware shi da babban yatsa. Abin yana yi mini ciwo, musamman a ƙasar Sakkwato, inda Nana Asma'u ta yi waƙoƙin Hausa da ajami.

Maganin kuwa yana cikin aljihunka. Shiga saitin allon rubutu na Gboard, ka ƙara Hausa cikin harsuna, haruffan za su samu, galibi in ka danne b, d ko k ka riƙe. Ina roƙon malaman Hausa na makarantun Tambuwal da Kebbe, da masu shagunan buga katin biki, su fara nuna wa yara wannan tun makon nan.