Wane zane ne na ƙarshe? Tambayar da ke cin kuɗin masu gini

Bara kwamitin makarantarmu ya ba wani ƙaramin shagon zanen gini a nan Kumasi aikin zana ƙarin ajujuwa biyu. Muka ce a mayar da ƙofa ɗaya gabas, mai zane ya gyara, kowa ya amince. Sai da magini ya kai bulo tsayin taga muka ga ƙofar na nan inda take tun farko. Ashe yaron shagon tsohon fayil ya buga. Da na leƙa kwamfutarsu, na tarar da "final", "final2", "final new", har da "final Alhaji", duk a folda ɗaya. Kuɗin rushewa kuwa mu muka biya.

Mai shagon gwani ne a AutoCAD, wannan ba gardama. Hanyar sanin wane fayil ne na gaskiya ce ba shi da ita. Mutum uku ke aiki, zane na yawo tsakanin filash da WhatsApp, ga ɗauke wuta. Fayil ɗin .bak da AutoCAD ke ajiyewa kuma taki ɗaya kawai yake komawa baya.

Akwai manhajojin da aka yi don wannan. Suna ajiye kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, da ranar, da dalilin. Wadda ta fi suna ita ce Git, da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. To amma a yi hattara. Don masu rubuta manhaja aka yi Git, inda fayil rubutu ne layi-layi, shi ya sa take iya haɗa gyaran mutum biyu. Fayil ɗin DWG ba haka yake ba. In Musa da Iliya suka gyara zane ɗaya lokaci guda, dole aikin ɗayansu ya tafi a banza.

Saboda haka abin da shagon zane zai fara tambaya shi ne: manhajar tana kulle fayil? Wato in ka ɗauki zane, sauran su gani kawai, ba su taɓa ba, sai ka mayar. Subversion, wadda kyauta ce, tana yin haka, kuma da TortoiseSVN ana aiki da ita daga cikin folda a Windows. Autodesk Vault da SolidWorks PDM don zane aka yi su takanas, suna ma bin sawun fayilolin da ke jingine da juna, sai dai suna son kuɗin lasisi da kwamfuta ta musamman da mai kula da ita. Ga shagon mutum uku, a ganina, sun yi nauyi. Google Drive da Dropbox suna riƙe tsofaffin kwafi, amma a tsarin kyauta kwana 30 ne galibi, gini kuwa a unguwanninmu yakan ɗauki shekaru.

Shagon da ya yi mana aiki bai sayi komai ba tukuna. Yanzu kowane aiki na da lamba da folda ɗaya, a kwamfuta ɗaya. Duk zanen da zai fita ana mayar da shi PDF, a sa masa harafin gyara, A, B, C, da kwanan wata a kusurwar takardar, a rubuta a littafi wa aka ba. Ran Juma'a a kwafe komai a wani faifai, maigidan ya tafi da shi gida.

Ni ma na koyi nawa. Makon jiya da magini ya zo da takardar banɗaki, kafin ya zuba siminti na kira shagon: "Maigida, C ne a hannunmu, shi ne na ƙarshe?" Ya ce a dakata, akwai D.