Goro da shayi: Lissafin da ya kamata mai juna biyu ta riƙa yi

A Zakka da ke ƙaramar hukumar Safana a jihar Katsina, kamar sauran garuruwan Hausa, ba a raba suna ko ɗaurin aure da goro. Mata da dama kuma da shi suke kwantar da tashin zuciya idan laulayi ya kama su.

Sai dai goro na ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke hana barci, irin wanda ke cikin ganyen shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari.

Tun a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu ciki da ke shan sama da miligiram 300 na kafeyin a rana da su rage, domin kauce wa ɓari da haihuwar jariri marar nauyi, wato ƙasa da kilo biyu da rabi. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma a miligiram 200 ta ja layi.

Cika wannan ma'auni ba wuya. Babban kofin shayi na da kusan miligiram 75, na kofi kusan 100, sannan ƙwayar Panadol Extra guda na da 65. Matar da ta sha shayi sau biyu, ta haɗiyi ƙwaya biyu saboda ciwon kai, ta kai 280 tun ba ta fasa goro ba.

Kafeyin na ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta yi ƙwarin sarrafa shi ba. Ita ma uwar, idan ciki ya tsufa, sinadarin kan daɗe a jininta fiye da yadda aka saba.

Akwai kuma batun jini. Shan shayi tare da abinci na rage sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Najeriya na da ƙarancin jini.

A yankin Safana da Batsari, inda hare-haren 'yan bindiga suka sa zuwa awon ciki ya yi wa matan ƙauyuka wuya, wannan rigakafi ne da ake iya yi daga gida: a rage goro, a raba shayi da lokacin cin abinci da na ƙwayoyin ƙarin jini, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya kafin a sayi maganin ciwon kai a kemis.