Dawowar Mashaƙo: Laifin Ya Wuce Na Iyaye

Alƙaluman da hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta fitar a watan Maris na 2025 sun isa su hana duk mai 'ya'ya barci. Daga 2022 zuwa lokacin, an tabbatar da mutum sama da 25,000 sun kamu da mashaƙo, sama da 1,300 sun riga mu gidan gaskiya, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu a Jihar Kano suke. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cikin kowane biyar da cutar ta kama, kusan ɗaya ne kawai aka yi wa cikakken rigakafi. Wannan fa cuta ce da allurar hana ta kyauta ce, kuma duniya ta san ta tun zamanin kakanninmu.

Da zarar an ɗauko maganar, sai ka ji jami'ai na cewa iyaye ne ba sa kai 'ya'yansu rigakafi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma an mayar da zancen mafaka. A ganina babban laifin yana ga yadda hukumomi suka tafiyar da rigakafi a Arewa kusan shekara ashirin: an tattara ƙarfi kacokan a kan ɗigon shan inna da ake bi gida-gida, aka bar asibitin sha-ka-tafi na unguwa, inda ake yin allurar yau da kullum, yana ta lalacewa.

Duk wanda ya zauna a Kano, Katsina ko Sakkwato ya san yadda aikin shan inna yake. Mata su yi sallama da ɗan akwatin sanyi a rataye, a ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a yi rubutu da alli a jikin katanga. Kafin rubutun ya goge sun dawo. Uwar da ta ga an yi wa ɗanta haka sau da yawa, idan ka tambaye ta ko an yi masa rigakafi za ta ce an yi, kuma har ga Allah ba ƙarya take yi ba. Babu wanda ya zaunar da ita ya bayyana mata cewa ɗigon nan cuta ɗaya tak yake hanawa.

Mashaƙo kuwa sai da allura, wadda ma'aikatan lafiya ke kira Penta, mata kuma na ce mata allurar cinya. Tun 2012 Nijeriya ta fara amfani da ita, tana kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa da wani nau'in ciwon hanta. Sau uku ake yin ta, a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma dole uwa ta ɗauki jariri ta kai shi da ƙafarta. Mako shida ya yi daidai da ƙarewar arba'in, lokacin da mai jego ke fita daga wanka, wata ma tana can gidan iyayenta ba ta koma ɗakinta ba. Idan a gida ta haihu, kamar yadda mafi yawan matan Arewa maso Yamma ke yi, to tun farko ba a ba ta kati ba, balle a faɗa mata ranar dawowa.

A ce ma ta samu izinin maigida da kuɗin Adaidaita Sahu, ta yi sammako ta je. A wurare da dama ma'aikaciya ɗaya za ta tarar, ita ce mai awo, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai allura. Inda babu firiji mai aiki da hasken rana, sai an je ma'ajiyar ƙaramar hukuma a babur an ɗauko allurar, sau da yawa da kuɗin aljihun ma'aikaci. Kwalbar allurar ƙyanda da ta tarin fuka idan aka haɗa ta, bayan awa shida sai a zubar, saboda haka ake ƙin buɗewa sai yara sun taru. Sai a ce da ita, "Ki dawo mako mai zuwa." Ranar da aka dace aka yi, da daddare jikin yaro ya yi zafi, cinya ta ɗan kumbura, ya kwana yana kuka. Wannan abu ne da aka saba gani, yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ma'aikaciyar da layi ya yi wa yawa ba ta samu minti biyu ta yi mata bayani ba. Da safe maigida ya yanke hukunci: kada a sake kai masa yaro. A takarda za a lissafa gidan nan cikin masu ƙin rigakafi, alhali kuwa sun zo da kansu, tsarin ne ya kore su.

Gwamnati ta daɗe da sanin haka. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin ɗari kacal na yara ne suka samu Penta ta uku, a Sakkwato kuwa kashi 3. Shi ya sa hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafin yau da kullum a 2017. An ɗan motsa, binciken 2021 ya nuna an kai kashi 57, amma har yanzu ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na nuna yara sama da miliyan 2 a Nijeriya ba su taɓa samun ko da allurar farko ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Jariran da aka tsallake a waɗancan shekaru su ne 'yan makarantar da mashaƙo ya tarar a 2023. Daɗin daɗawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ƙara wa yaro allurar ƙarfafawa sau uku bayan ya wuce jarirantaka, domin kariyar tana raguwa, amma lokacin da annobar ta ɓarke babu wannan a jadawalin Nijeriya.

Inda cutar ta fi yin ɓarna ma abin lura ne. Ungogo, Dala, Fagge, Gwale: ba ƙauyukan da mota ba ta zuwa ba ne, birni ne da kewayensa. Unguwanni sun cika sun batse, asibitocin ba su ƙaru daidai da jama'a ba. Mashaƙo ta tari da atishawa yake yaɗuwa, don haka ajin firamare mai yara ɗari, da zauren tsangaya inda almajirai ke kwana kafaɗa da kafaɗa, nan ne ya fi samun wurin zama.

Tushen duka kuɗi ne da kuma wanda ke riƙe da su. A Abuja aka yi alƙawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba, yawanci a kusa da kashi 5 take tsayawa. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi. Aikin shan inna kuwa ya samu kuɗin masu ba da agaji, da motoci, da alawus, da masu sa ido, da gwamnonin da ake titsiyewa su ba da bahasi. Kuma ya yi nasara: tun bayan wadda aka gani a Borno a 2016 ba a sake ganin ƙwayar shan inna ta daji a Nijeriya ba, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ina alfahari da wannan aiki. Shi ne ma hujjata, domin ya tabbatar da cewa idan hukuma ta so, tana iya kaiwa ƙofar kowane gida.

Masu ɗora laifi a kan iyaye suna da abin kamawa. Ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka rasu. Ba a manta dakatar da rigakafin shan inna na 2003 ba, ko kisan gillar da aka yi wa ma'aikatan rigakafi tara a Kano a Fabrairun 2013. Har gobe akwai magidancin da zai rantse allura na hana haihuwa. Wasu kuma na ambaton korona, wadda ta tsayar da ayyuka a 2020. To amma yaro ɗan shekara goma da ya kamu a 2023, ba korona ce ta hana shi allura yana jariri ba. Ƙin yarda kuma mun ga yana warkewa: Kano ta dawo da rigakafi a 2004, sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi suka shiga aikin gadan-gadan, masu unguwanni da limamai suka bi baya. Magidancin da ke tambayar dalilin da ake biyo shi gida da ɗigo kyauta, amma idan zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya sayi ko da farasitamol, tambaya ce mai ma'ana yake yi, kuma har yau ba a ba shi gamsasshiyar amsa ba.

Sakamakon wannan sakaci yana da muni a gani. Ciwon kan fara kamar mura da ciwon maƙogwaro, sai a nufi kemis ko wanzami. Kafin a ankara wata fata mai launin toka ta rufe maƙoshi, wuya ya kumbura, numfashi ya gagara. Dafin ƙwayar cutar yana taɓa zuciya, shi ya sa wani yaron sai ya yi kamar ya samu sauƙi, bayan mako biyu ko uku ya yanke jiki. Maganin karya dafin daga jinin doki ake haɗa shi, kamfanonin da ke yin sa a duniya ba su da yawa, har ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta kula da dubban marasa lafiya a Kano, ta koka kan ƙarancinsa a 2023. A shekarar ce cutar ta ɓulla a Matamaye ta Jihar Damagaram a Nijar, inda kasuwa da auratayya suka haɗa jama'a da Kano da Daura. A Maris na 2025 ta kashe ɗalibi a makarantar King's College ta Legas. Tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta ga irin wannan a shekarun 1990, lokacin da rigakafi ya yi rauni mutum sama da 150,000 suka kamu.

Abin da ke tafe ya fi ba ni tsoro. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 sau huɗu ake yin sa, kuma ta wannan asibitin sha-ka-tafi zai bi. Randar da ke yoyo, ko da ruwan Zamzam aka cika ta, ƙasa za ta shanye. Ga shi kuma tallafin ƙawancen Gavi, wanda ke biyan wani kaso mai tsoka na kuɗin alluranmu, an tsara zai ƙare a 2028, Amurka ma ta janye hannu daga agaji da yawa a 2025.

Gwamnonin Arewa su ɗauki ma'aikata, su sa firiji mai aiki da hasken rana a kowace mazaɓa, su riƙa bayyana wa jama'a yawan yaran da suka samu Penta ta uku mazaɓa-mazaɓa, yadda aka riƙa bin diddigin shan inna. A riƙa duba kati ranar shiga firamare da Islamiyya da tsangaya, wanda ba shi da shi a yi masa allura nan take maimakon a kore shi. Kai kuma maigida, yau ka ce a ɗauko maka katin kowane yaro a gidanka, ka duba ko an cike gurbin Penta sau uku. Idan akwai gurbin da babu komai, ko katin ma babu shi, ka ɗauki yaron da kanka ka kai shi asibiti mafi kusa, ka tambaya.